Rabin Tanki

Kumasi, ranar Laraba

Zuwa ga matata Afrakoma,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya jego, ya jariri? Ina fata yana barinki ki runtsa.

Afra, raina a ɓace nake rubutu. An fara sa wa 'yarmu Pomaa maganin sankarar jini ta ledar ƙarin ruwa, sai na lura da wani abu. Yaron gadon kusa da mu sa'anta ne, shekara uku, shi ma sankarar jini gare shi, amma abin da ake ɗura masa ya fi nata nesa ba kusa ba. Ni direba ne, na san motar da ake zuba wa rabin tanki: wadda aka fitar da rai za ta yi nisa.

Na tambayi wata nas, ta ce, “Ai irin waɗannan yaran haka ake musu.” Kin san yadda maganar nan ke ƙona ni. Ita muke ji tun ranar da aka ga zagayayyar fuskar Pomaa, har innata ta ce 'yar ruwa ce, a mayar wa kogi kayansa.

Bakin yarinyar duk gyambo ne, ko koko ba ta iya haɗiyewa. Ta ma daina buga ƙarfen gado irin na karen motata idan za mu tashi, tana cewa “Mu je.” Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In dai sun raina ranta ne, ranar Asabar zan ɗauko ta mu dawo Techiman, ta kwanta kusa da uwarta.

Mijinki,
Yaw Bempa

Kumasi, ranar Lahadi

Afrakoma tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ke da jariri. Na ga saƙonki, kuma na karɓi “mai kan kwakwa” da kika kira ni, tunda ban musa ba tun ranar aure. Wata guda ban rubuto ba, ga dalili.

Waccan Asabar ɗin har na ɗaure kaya sai Likita Oforiwa ta tare ƙofa. Na zazzage mata komai. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce, “Direba, zauna. Ƙarin ƙwayar halittar nan da aka haife ta da ita, mai sa ta jinkirin tafiya da magana, ita ce ke sa irin sankararta jin magani da wuri. In na ba ta kamar na wancan yaron, maganin ne zai kayar da ita, ba cutar ba. Irin waɗannan yaran, a wannan cutar, sun fi saura warkewa.”

Afra, karon farko kenan da na ji wannan maganar ta fito daga bakin mutum alheri ya biyo bayanta. Na kwance kaya ina kuka a gaban mata, ban ji kunya ba. Amma na yi rantsuwa ba zan rubuto ba sai da labari a hannu.

Jiya aka kawo sakamakon gwajin ɓargo: ba a ga cutar ba. Da sauran watanni na magani, kuma likita ta ce kada mu saki jiki. Gashinta ya zube kaf, amma ta cinye fufuna da miyar gyaɗa, ta bar ni da ƙashi.

Ki je wurin innata ki gaya mata kogi ya nemi wata, wannan tamu ce.

Yau da safe nas na gyara mata leda, sai na ji ƙarfen gado ya yi ƙara. Na waiwaya, Pomaa ce, tana hararata wai na cika nawa. Ta sake bugawa, ta ce, “Papa, mu je.”

Naki har kullum,
Yaw