Wanda Ya Gaji Cabariya

Gusau, watan Rajab, 1346

Zuwa ga yayata Saude a Bungudu, gaisuwa mai yawa da ƙauna da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da yara, da Inna. Yaya ƙafar tata? Malam Tambaya, kai da za ka karanta mata, ina gaishe ka, kuma ka karanta yadda na rubuta, ban da tsallake.

Bayan haka, albishirinki, gidanmu ya ɗaukaka. Ƙanenmu Mas'udu, wanda kika goya, wanda har ya yi gemu bai taɓa kwana wajen Bungudu ba, ya samu sabon suna. Yanzu duk Gusau Mas'udu Cabariya ake ce masa. Ki maimaita ki ji yadda yake cika baki, sai ka ce sarauta aka naɗa masa. Ni da na je Lakwaja da Ikko na dawo, har yau Labbo nake, Labbo tsura.

Bari in warware miki. Cabariya sunan Baturen nan ne mai sayen fatu da nake wa aiki. A jikin allon kantinsa an rubuta ECHEVERRIA da boko, amma bakin mahauta ya sassaƙe shi. Ba Ingilishi ba ne, daga ƙasar Sifen yake, wadda malamai ke kira Andalus. Ni na tsince shi a Zariya, ko ruwa bai iya roƙo da Hausa ba. Ni na kawo shi nan, na yi masa tafinta har aka ba shi fili, na tsaya kan magina har aka ɗora kwano. Da aka buƙaci mai juya fatu a inuwa, na ce ina da ƙane, bai da wayo amma ba ya sata.

To, ni kullum ina bisa hanya, yau Magami, gobe Bilbis, jibi Tsafe, ina tara fatu. Shi yana zaune. Duk Bafulatanin da ya kawo ƙirgi shi yake tararwa, har aka liƙa masa sunan gidan. Ranar kasuwar Magami wani mahauci ya dube ni ya ce, ashe kai ne yayan Cabariya? Na yi dariya har haƙorana suka bushe. Ba don ina jin haushi ba, Allah ya sani. Abin dai ya tsaya mini nan.

Wata magana kuma, ki riƙe ta a cikinki. Zazzaɓi ya matsa wa Baturen, ya ce bayan Babbar Salla zai koma gida, zai bar kantin da sikeli da cinikin duka a hannun mutum guda. Jirgin ƙasa kuma ya kusa isowa Gusau, wanda duk ya riƙe gidan nan ya warke. Ba sai na faɗa miki wanda ya cancanta ba. Sunan nan ne kawai nake so in tono asalinsa, in ga abin da ƙanena yake yawo da shi a ka.

Ga goro nan na Inna. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Labbo

Tsafe, watan Sha'aban

Yaya Saude, ina gaishe ki da kyau, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Na ji 'yarki Shafa'atu ta yi haƙori, Allah ya raya. Malam Tambaya, gyara zama, yau akwai karatu.

Na tono shi, Yaya! Baturen yana da wani tsohon kuku, mutumin Kalaba, wanda ya yi masa aiki tun a wani tsibiri na Sifaniyawa cikin teku. Taba na saya masa, bakinsa ya buɗe. Daga baya na bi ta gefe na tambayi maigidan da kansa, maganarsu ta zo ɗaya.

Ashe sunan ma ba harshen Sifen ba ne. Na wasu mutanen duwatsu ne da ake kira Basko, can kan iyakarsu da Faransa, makiyayan tumaki, masu wani harshe da maƙwabtansu ba sa ji. A bakinsu ece shi ne gida, berri kuma sabo. Sabon Gida! Iyakarsa ke nan. Ni da na zaci zan tarar da sarki ko waliyyi a gindinsa.

Wai su can gida ake raɗa wa suna, mutanen ciki su ara. Ko baƙo ya auri 'yar gidan ya tare, da sunan gidan za a kira shi. Kowane kwari kuma, duk wanda ya yi gini bai san abin da zai kira shi ba, sai ya ce sabon gida. Shi ya sa sunan ya yi yawa kamar Sabon Gidan da muke da su nan, wanda ko kare ya bi hanya sai ya ratsa biyu kafin azahar. Kuku ya ce a jirgin ruwa guda ya taɓa dafa wa masu sunan nan uku, ba wanda ya san kakan wani. Suna can birjik a ƙasashen bayan teku, wasu na kiwo, wasu na tsaron kanti.

Kin san abin da ya watsa su? Ba sa raba gado irin namu. Uba yakan zaɓi ɗa guda, ba lalle babba ba, ko mace ce, ya ba shi gida da gona da tumaki duka. Sauran a ba su guzuri, su kama hanya da sunan a baki. Wato duk Cabariyan da kika gani a waje, wanda aka hana gida ne.

Ranar kasuwa na zauna a rumfar mahautan Tsafe na zazzage musu wannan duka. Sarkin Fawa ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Na ce to ga sarautar ƙanena, Mas'udu Sabon Gida, magajin korarru.

Amma na tsinci abin amfani a ciki. Tunda zaɓe suke yi, ai uba mai hankali mafi wayo zai zaɓa. Don haka duk sanda na kai fatu Gusau nakan zauna in ba maigida labarin inda na taka: yadda na sauka Bida ba ko anini na fita da jaki, yadda nake ciniki da Yarabanci da Nufanci, yadda ko a kan dutse aka ajiye ni zan ci tuwo kafin dare. Yana sauraro yana gyaɗa kai. Mas'udu kuwa ko an tambaye shi, sai ya ce shi dai ya fi son inda ya saba.

In kin samu hali, ki tuna wa Inna gonar Baba tana son mai noma bana. Mas'udu ya iya fartanya, kada basirarsa ta lalace.

Naki har kullum,
Labbo

Gusau, watan Zulƙida

Yaya, gaisuwa da ban girma. Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan. Na san kalmar hassada ba taki ba ce, Malam Tambaya ne ya ƙara gishiri. Malam, Allah ya shirye ka. Ni da na kawo yaro birni, ni zan yi masa baƙin ciki? Ina ce ni na saya masa takalmin farko.

Abin da ya ɗan ɓata mini rai shi ne mutanen nan ba su san abin dariya ba. Labarin ya riga ni isowa Gusau, amma maimakon sunan ya faɗi sai ya ƙara tashi. Tsofaffi suka ce sabon gida ai fatan alheri ne. Maijidda matar Mas'udu har ɗaga kai take yi a bakin rijiya, ana ce mata uwargidan Cabariya. Tawa Hauwa'u ta dawo ta ajiye tulu da ƙarfi, ta ce ita matar wa za a ce? Shi gogan naki da na tsokane shi, murmushi ya yi ya ce, Yaya, ai kai ka san komai. Ya ci gaba da kakkaɓe fatunsa. Mutumin da ba ya jin zafin magana, ta ina za a kama shi?

Maigida ma ya ji. Da ya aiko kirana na ce yau kashina ya bushe, amma sai na tarar yana dariya. Ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, ya ciro hoto. Gidan ne, Yaya. Na dutse, ƙato, shanu a ƙasa mutane a sama, dutsen ya yi baƙi don tsufa. Ya ce kakan kakan kakansa ma a ciki aka haife shi, har yau kuma sabon gida ake ce masa. Ƙanwarsa ke ciki yanzu da mijinta. Ya daɗe yana kallon hoton har na fara jin kunya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce da Hausarsa mai karkata, Labbo, kai da ni iri ɗaya ne.

Kin ji ko? Iri ɗaya! Mas'udu yana waje yana korar ƙudaje.

Na ba da ɗinkin riga, shuɗiya mai aska biyu. Ki gaya wa Malam ya zo Juma'ar bayan Salla, ranar za a miƙa mabuɗi. Ki kwantar wa Inna da hankali, ba zan kori ɗanta ba. Juya fatu aiki ne mai albarka, zan bar masa.

A gaishe da kowa da kowa.

Labbo

Tsafe, watan Muharram, 1347

Zuwa ga yayata abar ƙaunata. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta shuka. An ce ruwa ya yi kyau wajenku, Allah ya sa a ɗauke lafiya. Malam Tambaya ya riga ya ba ki labari, na sani, don na ga yadda yake danne dariya a cikin rawani. Amma ki ji daga bakin mai shuɗiyar riga.

An taru, mahauta da dillalai har da wakilin hakimi. Ni na tsaya ina tafinta, don ba mai yi sai ni. Wato da bakina, Yaya, da harshen nan nawa, na sanar wa jama'a cewa an ba Mas'udu mabuɗi da sikeli da gidan duka. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Sannan maigida ya sa aka fito da akwatin ƙarfen nan, aka jawo jakuna biyu da ƙaramin sikeli, ya ce nawa ne. Ya ce in fassara wannan ma. A ƙasarsu, in ji shi, uba yakan dubi 'ya'yansa ya ga wanda in an raba shi da gida zai lalace, gidan ma ya lalace, sai ya ba shi. Wanda kuwa ko a kan dutse aka ajiye shi zai ci tuwo kafin dare, hanya ake ba shi. Kalmomina ne, ko ɗaya bai zubar ba. Ya ce haka ubansa ya yi masa, da akwatin nan ya fito, bai kuma taɓa ganin wanda ya dace da shi ba sai ni. Ya rungume ni a gaban mahauta yana hawaye, ya ce ni ne ɗansa na gaskiya, don ni na gaji halinsa. Kuku bai gaya mini wannan ɓangaren ba. Tabata ta tafi a banza.

Mas'udu ya biyo ni har ƙofa, wai in zauna mu riƙe tare, shi bai iya magana da Turawan jirgi ba. Da gaske yake, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na ce masa gidan da aka ba mutum guda, mutum guda ne a cikinsa, haka al'adarku ta ce, Cabariya.

Yanzu ina Tsafe. Na kafa rumfa kusa da inda ake shimfiɗa hanyar jirgi, fatun layya sun shigo da yawa, ba na kuka. Ranar da na iso Sarkin Fawa ya leƙo, ya dubi akwatin, ya dubi jakunan, ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji: jama'a, ba wanga ne ya ce muna duk Cabariyan da aka gani a waje, wanda aka hana gida ne ba? Marhabin da Labbo Cabariya! Tun ranar sunan ya kama ni, har yara sun ɗauka. Hauwa'u kuwa ta samu abin da take so, ana kiranta da shi a bakin rijiya. Kin ga yanzu mu biyu ne, kuma in Allah ya ba ni 'ya'ya, sunan zai kai Funtuwa. Haka dai ya cika duniya tun farko.

Ki ce wa Mas'udu kwanon kusurwar gabas yana yoyo, ya sa a duba kafin ya jiƙa fatu. Kada ki ce ni na faɗa. Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa mini albarka, ni ma ɗanta ne.

Ƙanenki,
Labbo

Af, na manta. Jiya ruwa ya sauka, rumfata ta zana ce, na zauna bisa akwatin na rufe kai da fatar akuya, ina tuna cewa shi ya gaji gini, ni na gaji hali. Malam ya ce rabona ya fi daraja. To ke da kika girme mu duka, Yaya, kin taɓa ganin wanda ya fake wa ruwan sama a cikin hali?