Tofin da na yi wa Nasiru

Wurno, daren Laraba, watan Safar

Mi ke da ido guda, ba ya ƙiftawa, yana gidanmu yana kai tsegumi ƙasar waje?

Barci ya ƙi zuwa. Yau jikana Nasiru, angona mai rowa, ya zauna jarrabawar satifiket na injiniyan kwamfuta, wanda sai da shi za a ƙara mai girma wurin aiki. Cikin kwamfuta ya yi ta, nan ɗakinsa, don hanyar Sakkwato ba lafiya. Ya ce kar kowa ya shiga. Ni kuwa tun yana firamare bai taɓa jarrabawa ban yi mai tofi ba. Sai na lallaɓa ta bayansa, na dafa kansa, na tofa.

Nan take sunka rufe jarrabawar.

"Inna, kin kashe ni! Sun ce amsa kika ba ni!"

"Ƙulhuwallahu ce amsar, ja'iri?"

Bai yi dariya ba, shi da ba ya barin tsokanata ta faɗi ƙasa. Wai za su duba hoton da kwamfutar ta ɗauka, suna iya hana shi sakewa har abada. Tuwonsa na nan, bai taɓa ba. Ya Allah, ka sa mai dubawar nan yana da kaka.

Amsar kacici-kacicina: ɗan idon gilashin da ke saman kwamfutarsa ne. Shi ya gan ni.