Simintin da Na Zuba a Ƙofar Kansila

Perth, 9 ga Nuwamba

Noreen tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma ƙashin ƙugun Mama yana haɗewa yadda likitoci suke so. Ki gaishe ta, ki faɗa mata surukinta bai mutu da yunwa ba tukuna, duk da hasashen da ta yi tun ranar aurenmu.

Nan lafiya lau. Ganyen bishiyoyin mapul ya gama zuba, unguwa duka ta fito da manjagara, buhunan takarda sun yi layi a bakin titi suna jiran motar shara. Gord maƙwabcinmu ya cika ashirin da biyu, kuma ya tabbatar kowa ya ji.

Kin tambayi lambunki. Yana nan inda kika bar shi. Kin tambayi Kansila, ɗan kuregenki mai ratsi a baya. Kwana biyu ban gan shi ba, amma ai lokacin shigarsu rami ne, ko ba haka ba? Kada ki sa komai a ranki.

Mijinki,
Alistair

Perth, 24 ga Maris

Noreen, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Yaya sanyin bakin teku? Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa da sanda har tana faɗa da mai jinya. A wurina wannan ya fi hoton asibiti nuna sauƙi.

Yau da safe, ƙarfe tara da kwata, na ga Kansila. Shi ne, ba wani ba: ga guntuwar wutsiyar, ga kunnen hagu mai tsaga. Yana zaune a kan dutsen da kike ajiye kofin shayinki, ya ɗan rame, yana wanke fuska da hannu biyu kamar wanda zai shiga taro. Ina tsaye a taga da burodi a hannu, sai kawai na zauna a ƙasan kicin. Za ki ce mene ne abin zama a ƙasa don an ga kurege a watan Maris. To, ke ma nemi wuri ki zauna, ki ji abin da na ɓoye miki wata huɗu da rabi.

Ranar da na kai ki filin jirgi abu ɗaya kika roƙe ni: kada in gyara lambu. Ganye ya kwanta inda ya faɗi, busassun kara su tsaya a tsaye, tarin itacen bayan gida kada a taɓa shi, domin a nan ƙudan zuman daji da tsutsar malam-buɗe-littafi suke fakewa har sanyi ya wuce. Na ce na ji. Shekara ashirin da shida ina koya wa yara yadda dauloli suke rushewa don masu mulki ba sa jin shawara, amma alkawarina sati biyu ya yi.

Wata Asabar kowa yana shara, Gord ya jingina da shinge, ya dubi ganyenmu da iska take kwasa tana kai wa ciyawarsa, wadda yake askewa kamar kan sabon soja. Ya ce, “Farfesa, tashi kuka yi daga gidan nan, ko macizai kuka ba haya?” Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Kafin la'asar na cika buhu goma sha huɗu. Har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

A ƙarƙashin ganyen, daidai gindin matakalar baya, na tarar da rami kamar bakin ƙaramin kofi, tsaf, babu ko ɗigon ƙasa a gefensa. Gord ya zo ya duƙa, ya yi gyaran murya irin ta masana, ya ce ɓeraye ne, kuma kafin ki dawo sun rarake harsashin gidan. Yana da ragowar siminti. Ba zan ɗora masa laifin ba, ni na kwaɓa, ni na zuba, har na shafe saman ya yi sumul da cokalin shukarki.

Sai bayan kwana uku na lura ba na jin ƙarar nan ta Kansila da safe. Na tafi laburare, inda ya kamata in fara zuwa tun farko. A can na karanta cewa rami marar tarin ƙasa shi ne alamar irinsu, don kwashe ƙasar suke yi su zubar nesa kada maƙiyi ya gane ƙofar. Ba sa tara kitse a jiki, hatsi suke tarawa a ɗakuna can ƙasa. Su yi barci kwana kaɗan, su farka su ci, su koma, zuciyar da take bugawa ɗaruruwa a minti ta dawo 'yan ƙalilan. Littafin ya ce yawanci ramin yana da ƙofa fiye da ɗaya. Yawanci, Noreen. A kan wannan kalma ɗaya na yi sanyin bana gaba ɗaya.

Na fito da guduma a watan Disamba, amma ƙasa ta riga ta daskare kamar ƙarfe. Na fasa kusurwar matakala, na fasa farcen babban yatsana, wanda na ce miki ƙofar mota ce ta datse. Sannan na tsorata kada bugun ya riƙa tashinsa ya cinye ajiyarsa da wuri, sai na bari. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan zuba masa ƙwayar furen rana a kan simintin, tsuntsaye suna ta ƙiba da laifina. Akwai ranar da Bernice matar Gord ta same ni a durƙushe cikin dusar ƙanƙara, na kafa guntun bututu a ƙasa, na manna kunne. Na ce mata makulli nake nema. Ta ce Allah ya sa a ji motsinsa.

Ba don dabbar kaɗai ba ne. Shekarar da Babanki ya rasu, wata biyar ban ji dariyarki ba, sai yammacin da wannan ɗan ɓarawon ya hau tafin hannunki ya cusa gyaɗa uku a kumatu, kika ce ga kansilan unguwarmu ya zo karɓar rabonsa. Duk lokacin da kika kira waya sai in yi niyyar faɗa miki, sai in ji gajiyar muryarki, in koma zancen kuɗin wuta da ɗalibai. Na gaya wa kaina tausayinki nake ji. Tsoro ne kawai.

Amma ga ƙarshen labarin. Da ya gama wanke fuska na bi shi da ido. Ya ratsa ta ƙasan shinge, ya miƙe wutsiya sama, ya shige wani sabon rami a tsakiyar ciyawar Gord. Tsakiya sosai, kamar an auna da igiya.

Ki yi fushin da ya dace, na cancanta. Ni dai yau na ci abinci har da ƙari.

Mijinki mai laifi, mai kewarki,
Alistair

Perth, 11 ga Afrilu

Noreen,

Gaisuwa gare ki da Mama, da fatan an fara haɗa kaya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, na farko a tsaye.

Ashe Bernice ta kira ki tun ranar, siminti bai ma bushe ba. Ashe kin san ƙofofinsa uku tun bara, kuma kin san biyu suna buɗe. Kika bar ni da bututu a kunne har watan Maris, don ki ga yaushe mijinki zai buɗe baki. Na nemi in ji haushi, na rasa ta inda zan fara. Layin da kika rubuta a ƙasa, cewa makomar kuregen ba ta taɓa ba ki tsoro ba, shiruna ne ya ba ki, shi ma na karanta. Ba za a sake ba.

Gord ya rantse zai toshe ramin ciyawarsa. Jiya na hango shi yana ajiye gyaɗa a bakinsa. Da ya ga na gani, ya ce nazarin abokin gaba yake yi. Na roƙe shi buhunan ganyensa na kaka mai zuwa, duka ashirin da biyun, ya dube ni kamar zai ce in nemi likita.

Zan zo filin jirgi ranar Alhamis da rigar sanyinki mai launin kore. Simintin kuwa, kin ce in bar shi ya zama abin tunawa, na bar shi. Kansila ya mai da shi teburin cin abinci. Kowace safiya ya zauna a kai ya ɓare abin da zai ɓare, ya watsa ɓawo ko'ina a bakin matakala.

Ban share ba.

Naki har kullum,
Alistair