Masu Gadi Uku da Waƙar Iya

Dogo Nini, Potiskum
Laraba, 14 ga Agusta

Ƙawata Maman Testimony,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Baban Testimony da yaran duka. Yaya Makurdi, yaya ruwa? Yaya ɗalibanki na ajin kwamfuta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin san halina, in na kira ki a waya sai kati ya ƙare ban kai ga abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na yagi takarda daga littafin darasi, in na gama rubutawa in ɗauki hotonta in turo miki.

Albishirinki! 'Yata Mubaraka ta sauka jiya da hantsi, an samu mace, kuma tana nan gidana wankan jego. Suna Talata mai zuwa. Mijinta ya ce sunan mahaifiyata za a sa wa yarinyar. Msurshima ƙawata, Iya za ta dawo gidan nan!

To, ga abin da ya hana ni sakewa. Kin tuna waƙar Ngizimancin da Iya take yi wa kowane jariri a gidanmu da safen suna, bayan wanzami ya gama aski? Har Testimony ta samu rabonta lokacin da kike haya a gidanmu, ga ta da kukan tsiya, kullum tana bayan Iya. A danginmu kakar jariri ce take yin waƙar. Yanzu ni ce kakar, ni kuwa Ngizimancina bai wuce gaisuwa da taya tumatir ba. Na tura ƙanena Basiru ƙauyen Ngojin wajen tsofaffin da suka rage. Sun san muryar waƙar, amma sun ce kalmomin na mahaifiyar Iya ne, ba na kowa ba.

Abin da ya rage mini shi ne muryoyin Iya da kika yi ta ɗauka kafin a yi miki canjin wurin aiki, waɗanda suke cikin kwamfutar da kika bar mini. Tun da Iya ta rasu ban iya buɗe su ba. Kin ce in kwafe su a filashi, na ce to, ban yi ba. Ki yi faɗanki daga baya.

Yau na yi ƙarfin hali na danna foldar Iya, ta ƙi buɗuwa. Kwamfutar ta ce faifan ajiyarta yana da matsala, sai an duba shi. Ina zargin ranar Asabar ne, da aka yi iska mai ƙarfi aka ɗauke wuta tana kunne. Na ce to duba mana. Ta ce ba za ta iya ba, wai wani yana amfani da faifan, sai dai in na sake kunna ta. Na kashe na kunna. Fuskarta ta yi baƙi, ta fara ƙirga, sai ta tsaya ta ce ta kasa samun shiga faifan. Sau biyar na maimaita, amsa ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Wane ne wannan mai amfani da faifan? Ni kaɗai ce a ɗakin, hannuna ma a cinyata yake. Amma 'yar jar fitilar gabanta sai ƙiftawa take yi ba hutu, ka ce wani na ciki yana ta kai da kawowa. Basiru ya ce a yi mata fomatin kawai a huta. Da na tambaye shi ma'anar fomatin ya ce a share komai, wallahi saura kaɗan in jefe shi da ludayi.

Ki taimaka mini da abin da kika sani. Malam yana gaishe ku, mai jego ma haka.

Taki,
Hadijatu

Dogo Nini, Potiskum
Juma'a, 16 ga Agusta

Ƙawata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Mai jego da jaririya suna nan ƙalau, yarinya sai tsotso kamar an aiko ta.

Na ga saƙonki, faɗan kuma na karɓa, na cancanta. Kin tambaye ni ko wani ya saka wa kwamfutar wani abu bayan tafiyarki. Da farko na ce babu. Sai da na zauna ina tsintar shinkafa abin ya faɗo mini.

Akwai antibairos ɗin da kika saka mata da kanki, mai koren tambari, wanda kika ce shi ne mai gadinta. Bara Basiru ya zo da filashinsa zai buga takardun ofis, ya ce naki ya tsufa, ya saka nasa mai ja. Tun daga nan ta fara nauyi, in na kunna ta sai in je in dama kunu in dawo ba ta gama tashi ba. Watan azumi kuma Alhaji Hammawa, surukin Mubaraka, ya zo gaida Malam ya tarar ina fama da ita. Bayan kwana uku sai ga shi da wani a kwali, sabo dal, daga Kano ya sayo, ya zauna da babbar rigarsa ya saka mata da hannunsa.

Na san abin da za ki ce, me ya sa ban hana su ba. Haba Maman Testimony, shekara nawa kika yi a garin nan? In mutum ba shi da lafiya, duk wanda ya zo dubiya da maganinsa yake zuwa. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo ƙwaya, kai kuma ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. Wa ya taɓa ce wa suruki ya koma da maganinsa? Ni a tunanina ma gata na yi mata, gida mai masu gadi uku ai ya fi mai ɗaya.

Jiya bayan la'asar na zauna da biro ina lura da su, yadda nake lura da 'yan aji uku in na ba su jarrabawa. Ikon Allah! Mai ja ya fito ya ce ya kama wani abin zargi, da na karanta sunan abin a hankali, ashe mai kore ya kama. Can sai na Alhaji ya leƙo ya ce akwai wanda yake hana shi aiki. Duk abin da ɗaya ya taɓa, sai sauran biyun su ruga su duba abin da ya taɓa. Na duba agogo, minti arba'in jar fitilar nan ba ta huta ba. Na yi dariya har Mubaraka ta leƙo ta ga ko lafiya.

Yanzu na gane bayaninki. Mai duba faifai yana so a ba shi ɗakin shi kaɗai, a fita a rufe masa ƙofa. Su kuwa tun kafin kwamfuta ta gama buɗe ido sun riga sun tashi sun riƙe ƙofar, kowa yana cewa shi aka ba wa amana. Amma ina da tambaya. In na cire su duka uku kamar yadda kika ce, ba za su tafi da kayan Iya ba? Kuma wannan hanyar tashin da kika kwatanta, wadda kwamfuta take farkawa su suna barci, a ina zan danna? Ki rubuto mini ɗaya bayan ɗaya, kamar kina koya wa 'yar aji ɗaya.

Sannan Alhaji zai zo suna, kuma na san sai ya tambayi lafiyar maganinsa. Wannan kunyar ban san inda zan kai ta ba.

Saura kwana huɗu. Ki gaida mutan gidan.

Ƙawarki,
Hadijatu

Dogo Nini, Potiskum
Lahadi, 18 ga Agusta

Maman Testimony,

Barka da hutun Lahadi, da fatan kun dawo daga coci lafiya. Muna nan lafiya, gida ya fara cika da 'yan suna.

Na bi takardarki layi layi. Na tashe ta ta hanyar da kika ce, rubutun ya fito manya-manya, babu ko ɗaya daga cikin masu gadin. Na cire na Basiru, bai yi gardama ba. Naki ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, halinki sak. Na Alhaji kuwa sai da na adana lambar da ke jikin kwalinsa, na yi bismilla, sannan na danna.

Na sake kunna ta. Ta fara ƙirga, ta kai inda take tsayawa, sai ta wuce! Awa ɗaya da rabi tana duba faifan, ni kuma ina addu'a kada a ɗauke wuta. Da ta gama, foldar Iya ta buɗe. Sai dai waɗansu muryoyin sun rasa sunayensu, ta tara su a wata sabuwar folda ta ba su lambobi. Yadda kika ce in buɗe su haka na yi, ɗaya bayan ɗaya.

Msurshima, shekara biyu ban ji muryar nan ba. Ga Iya tana ba da labarin aurenta, ga ta tana faɗa da akuya, ga ta tana yi miki dariya don kin kasa faɗin sunan wata miyarmu. Na yi kuka, na yi dariya, tuwon rana ya kama a tukunya.

Waƙar tana lamba ta ashirin da bakwai. Baiti uku ta yi, tana shiga na huɗu, wanda ake ambatar jariri a sa masa albarka, sai abin ya yanke. Na ce shi ke nan, faifai ya cinye. Amma kin san ni da son bin diddigi. Na lura ba tsit ya yi ba, akwai wani ɗan motsi a ƙarshe. Na ƙure ƙarar na kara kunnena.

Ƙarar ƙofa ce. Sai muryar wata mata tana cewa a kashe abin nan haka, abinci zai huce, waƙa ai ba guduwa za ta yi ba, a ƙarasa gobe. Sai Iya ta yi 'yar dariya ta ce to.

Muryata ce. Na saurari sauran duka har na ƙarshe, ba a ƙarasa ba. Kwana huɗu ina zargin iska da wuta da Basiru da Alhaji, ashe kwamfuta ba ta ci komai ba, abin da aka ba ta ta riƙe shi da amana. Ni ce na shigo da tire na katse uwata. Ko ranar ban tuna ba, wallahi, ko abin da na dafa ban tuna ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ina ta haddar baiti ukun, na rubuta su yadda kunnena ya ji. Ran Talata zan yi su in tsaya inda ta tsaya. Na mayar da na Alhaji shi kaɗai, ki yafe mini, naki ya riga ya tsufa, kuma ke ba za ki yi fushi ba. Basiru dai ya kumbura. Muryoyin kuma na kwafe su a filashi biyu.

Na gode da wahalarki. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Hadijatu

Dogo Nini, Potiskum
Laraba, 21 ga Agusta

'Yar'uwata,

Gaisuwa da godiya, da fatan kuna lafiya. An yi suna lafiya, baƙi sun watse, sai wanke-wanke da gajiya. Yarinya ta ci sunan Iya, muna kiranta Iya Ƙarama.

Ban san ta inda zan fara ba. Ran Litinin da safe ina jiƙa gero na ga saƙon murya daga gare ki. Na ɗauka wani bayanin kwamfuta ne, na sa shi a kunne ina aiki. Sai na ji kin gyara murya kin ɗauko waƙar daidai inda Iya ta tsaya. Na zauna a ƙasa, hannuna duk ruwan gero.

Ni ban taɓa sani ba. Kin ce duk ranar da na tafi makaranta Testimony ta ƙi yin shiru, Iya takan zaunar da ke ta sa ki maimaita waƙar har sai kin faɗa daidai, kuma da waƙar kika yi renon yaranki uku. Ina cikin gida ɗaya da ku, ni ina ta dafa abinci, ke kina koyo. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Na san amsar, kin ɗauka na iya. Kowa ya ɗauka na iya. Ko a makon nan ma kin so in ji ta daga bakin Iya tukuna.

Don in tabbata, na ɗauki wayar na hau Keke Napep har Ngojin na kunna wa tsofaffin nan. Suka sa na maimaita sau uku. Ɗaya ta ce wannan 'yar wane gida ce, harshenta ya ɗan karkace amma ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Na ce musu 'yar Iya ce, tana aure a Makurdi.

Jiya da wanzami ya gama aski aka miƙo mini jaririyar, kanta sumul, tana ta tsala kuka. Na ɗauko baitin farko. Alhaji Hammawa yana daga zaure, an ce har ya sa maza su yi shiru. Daga baya ya tambayi maganinsa, na ce masa yana nan shi kaɗai yake gadi, ya ji daɗi sosai. Baiti uku na yi su da lafazin Iya. Na huɗu kuwa, duk ƙoƙarina, da naki lafazin ya fito, har da yadda kike jan ƙarshen kalma. Mubaraka ta ɗago kai ta ce wannan ai muryar Maman Testimony ce. Kafin in kai ƙarshe yarinya ta yi barci.

Na saka saƙonki a foldar Iya, na ba shi lamba ta ashirin da takwas. In Allah ya kawo hutun Disamba ki zo ki ga jikarki, ki zauna ki koya mini sauran abin da ta koya miki. Na yi alkawari, ko tuwo zai ƙone ba zan tashi ba sai kin kai ƙarshe.

Ki gaida Baban Testimony, ki shafa mini kan yaran.

'Yar'uwarki,
Hadijatu