Gadar Bayan Makaranta

Zuwa ga 'yata, Uwar Lissafi,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya maigidan da yara? Ina fatan ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi.

Na ga sa hannunki a rahoton da ofishinku ya fitar kan gadar katakon da ke bayan makarantarmu. Wai yarinyar da na koya wa lissafi da tsinken tsintsiya ce yau take auna amfanin ayyukan gwamnati. Sai da na zagaya da shi na nuna wa kowane malami.

Sai dai akwai gyara, kin san malami da jan biro. Ma'aikatanku sun zo ƙirga masu tsallakawa ana tsakiyar hutu, ga rani, rafin ya ƙafe. Awaki kawai suka tarar, sai wata mai itace, su ma ta ƙasa suka bi. Shi ya sa kuka rubuta cewa gadar ba ta cancanci gyara ba. Rabin ajina kuwa daga tsallake suke zuwa, kamar yadda ke ma kika riƙa zuwa. Don Allah ki sa a dawo idan an koma karatu.

Ki gaida mutanen gida.
Malaminki na aji huɗu.

'Yata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na sami amsarki. Na fahimci an riga an rufe kasafin bana, kuma ba ke kaɗai ke yanke hukunci ba. Ban riƙe ki a zuciya ba.

Ruwa ya tafi da gadar tun farkon damina. Allah ya taƙaita, babu kowa a kanta. Amma tun ranar rabin kujerun ajina ƙura suke sha, don zagayen babbar hanya ya fi ƙarfin ƙafar yaro.

Jiya wasu daga ofishinku suka zo auna makarantar. Sun ƙirga kawuna, sun ce ɗalibai sun yi kaɗan, za a rufe ta. Ban yi musu ba, ƙirgarsu daidai ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki sa hannu a wannan, ki zo da kanki da safe, ki tsaya bakin rafin. Har yanzu yaran tsallake suna zuwa cikin kayan makaranta, su jeru a wancan gefen. Nakan ɗaga murya in kira sunayensu, su amsa, sannan su juya gida. Ban san a wane gurbi ake rubuta wannan a takardunku ba. Ke ce mai ilimin yanzu.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki.