Kar Ka Kashe, Baba

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta kawo mai gyara. Intanet ɗin gidan nan ta waya take shigowa tsohuwar kwamfutata ta tebur, ita kuma tana son ta a laftof ɗinta, wai Alhamis ta sama za a yi mata intabiyun aiki ta bidiyo. Ya jona wata shuɗiyar waya daga bayan tawa zuwa tata, ya yi 'yan danne-danne, ya ce shi ke nan. Wayar ko taku uku ba ta kai ba. Ke nan yarinya ta tare a ɗakin karatuna, kofin shayinta a kan takarduna.

Laraba, 5 ga Maris
Na gama karanta labarai, na kashe kwamfuta na lulluɓe ta da zanenta, yadda na saba shekara goma sha ɗaya. Sai ihu: "Baba! Fom nake cikewa!" Ashe in tawa ta kwanta, tata ma intanet ta ɗauke. Na ce ai na'ura ma tana buƙatar hutu. Ta ce ba jaki ba ce.

Juma'a, 7 ga Maris
Na kuma. Wallahi hannuna ne, ba ni ba.

Asabar, 8 ga Maris
An manna takarda a kan maɓallin: KAR KA KASHE, BABA. A gidana! Uwarta dariya har da riƙe ciki.

Talata, 11 ga Maris
Tana gwajin amsoshi, ni ina yi kamar ina karatu. Yarinyar ta iya magana, ban san yaushe ba. A nan na ji cewa aikin a wani gari yake, tafiyar yini guda a mota. Kowa ya sani a gidan nan ban da ni. Abincin rana bai shiga ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Ta ce, "Baba, yau kai ne mai gadi, kar kowa ya matso." Tsohuwar kwamfutar ta ɗau zafi tana gurnani, na ɗauki mafici ina yi mata fifita, ni da ba a taɓa gani na yi wa uwar Auta ba. Ga maɓalli dab da gwiwata. Ba zan ɓoye wa littafin nan ba, na yi tunanin: dannawa ɗaya, in ce hannu ne, ta zauna gida. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Na zauna a kan hannun, na ci gaba da fifita da ɗayan, minti arba'in.

Laraba, 19 ga Maris
Sun ɗauke ta aikin. Na ce madalla, zan samu teburina.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ta tafi tun Lahadi. Ɗakin ya yi faɗi da yawa. Yau mai gyara ya ɗora mini 'yar kyamarar kiran bidiyo a saman allo, na ce masa uwar Auta ce ta matsa. Uwarta tana kicin, ba ta ma san ya zo ba. Ƙarfe biyar Auta take tashi daga aiki. Na sake riga.