Ƙullutu a Haƙarƙarin Manaja

Ranar Talata

Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya aikin gada, yaya ciwon bayan nan naka? Mama da Gwaggo suna gaishe ka. Mu duk lafiya lau, sai abu ɗaya.

Baba, karenka ne. Ranar da za ka tafi ka ce ka bar mini amanar Manaja. Jiya da safe ina ba shi ruwa sai hannuna ya taɓa wani ƙullutu a haƙarƙarinsa na hagu. Shekaranjiya babu shi, na tabbata, don ni na yi masa wanka. Girmansa kamar maɓallin riga. Na ɗauki tef ɗin Mama na auna, rabin inci ne, na rubuta a bangon littafina.

Gwaggo ta leƙa daga nesa, ka san ba ta taɓa shi. Ta ce maruru ne, a riƙa gasa masa da ruwan zafi har ya nuna, sannan a matse. Wai haka ta yi maka kana yaro, ga shi ka zama ƙato. Mama ta ce, haba Yaya, wannan fa kare ne. Gwaggo ta ce duk ɗaya, da shi da mai shi babu mai jin magana.

Shi dai yana bakin aikinsa, kwance ƙarƙashin keken ɗinkin Mama a baranda, yana hararar masu kawo ɗinki kamar shi ne mai wurin. Ina gasa masa safe da yamma. Na san wasiƙar nan za ta daɗe a hanya, amma idan na rubuta maka hankalina yakan ɗan kwanta.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Shiru-shiru

Ranar Alhamis

Babana,

Ina gaishe ka, ina fata aiki da sauƙi. Ka gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Abin ya ƙaru. Jiya inci ɗaya, yau har ya wuce biyu. Wurin ya yi zafi kamar bayan dutsen guga. Tun jiya bai ci komai ba, ko ƙashin da na ɓoye masa sunsunawa kawai ya yi. Ya bar barandar, ya koma bayan durom ɗin ruwa ya laɓe. Gwaggo ta ce ya nuna, ta naɗe hannunta da leda za ta matse, sai ya yi mata gurnani. Baba, tunda aka kawo shi gidan nan bai taɓa yi wa ɗan gida haka ba.

Mama ta je wurin mai kemis neman magani, ya hana ta. Ya ce kada a ba kare maganin mutane, kuma kada a matse. Ƙullutun da ya fito rana ɗaya, yana girma, yana zafi, har dabba ta ƙi abinci, ba a zaman jiran sa, asibitin dabbobi ake kai shi.

To wa zai kai shi? Mama tana da kayan makaranta guda arba'in da za a karɓa ranar Asabar, ko ɗaga kai ba ta yi. Gwaggo ta ce da girmanta ba za a gan ta a titi tana rakiyar kare ba. Saura ni. Ka san halina, ko gishiri aka aike ni saye sai na tsaya kowa ya watse. Idan baƙo ya kalle ni harshena nauyi yake yi. Don haka na rubuta komai a takarda, ranar da ya fito, awon kowace safiya, da lokacin da ya daina ci. Gobe da sassafe zan miƙa wa likita, ba sai na yi magana ba.

Ka yi mana addu'a, ni da shi.
'Yarka,
Shiru-shiru

Ranar Lahadi

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Bari in fara da abin da kake son ji. Manaja yana da rai, kuma yau da safe ya cinye abincinsa har ya lashe kwano.

A baron maƙwabcinmu na tura shi, na shimfiɗa masa tsohon buhu. Asibitin ɗaki biyu ne a bayan tasha, akwai benci da wani tsoho riƙe da akuya. Likitar mace ce, mai tabarau. Ta karanta takardata har sau biyu, ta ce da masu kawo dabbobi suna awo haka da aikinta ya yi sauƙi. Amma ta ce tun ranar da ya ninka girma ya kamata a kawo shi. Da an ƙara kwana biyu, ko da an matse, ciwon zai iya shiga jininsa.

Sai ta yi tambayar da babu amsarta a takarda. Ta ce, ƙanwata, a ina yake kwanciya? Na sunkuyar da kai. Ta jira, ba ta tsawata ba. Manaja yana kan teburin ƙarfe yana nishi, idonsa a kaina.

Baba, akwai abin da ban faɗa maka ba. Ka san duk yamma aikina ne in bi ƙasan keke da maganaɗisu in tsince allurai. Kwana kaɗan kafin ƙullutun ya fito allurar keke ta karye, Mama ta ce in nemo guntun. Na ga masu kawo ɗinki biyu zaune a barandar, na ji nauyin in durƙusa a gabansu, na ce sai sun tafi. Da suka tafi na manta. Tun ranar Laraba abin yake cin raina, na kasa faɗa wa kowa.

A gaban likitar na faɗa, kuma na faɗi duka. Nan take ta sa aka ɗauki hoton cikin wurin. Ta yi masa allurar barci, ta tsaga, ta fitar da mugunya mai yawa, sannan ta zaro guntun allurar. Ta ce da ban yi magana ba da wanke ciwon kawai za ta yi, ƙarfen yana ciki.

Da muka dawo na faɗa wa Mama. Ta tsayar da keke, sannan ta ce ita ma da laifinta, da ba ta sake tambaya ba. Ta duƙa ta duba ɗinkin likita, ta ce layin bai miƙe ba amma zai riƙe. An aske wa Manaja gefe ɗaya, an sa masa wata roba mai faɗi a wuya don kada ya lashi wurin, yana ta karo da ƙofa. Gwaggo ta ce yanzu ya zama cikakken manaja tunda har da kwala. Da ta ɗauka ba na gani, na ga ta ajiye masa nama a kwanonsa.

Ka yafe mini, Baba, na kusa ɓata amanarka. Akwai sauran labari da yawa, amma ba zan rubuta ba. Ka dawo lafiya, da bakina zan ba ka.

'Yarka mai kewarka,
Shiru-shiru